Sunan launi ba ma'auni ba ne: sharhi a kan tamburan "Territoire du Niger"

1. Gabatarwa

A shekara ta 1921, lokacin da Damagaram take hedikwatar Nijar (1911-1926), Faransawa ba su zana wa ƙasar tambur nata ba. Sun ɗauki na Haut-Sénégal-Niger, mai hoton mahayin raƙumi, suka buga masa TERRITOIRE DU NIGER a bisa. Daga 1922 zuwa 1926 an ƙara wa wasu sabon farashi, wani da baƙar tawada, wani da ja. Sai a 1926 aka sami jeri na musamman, har da mai hoton ganuwar Zinder. Wannan bugu na biyu (surcharge) shi ne mafi sauƙin ƙirƙira ga ƴan jabu, don haka launin tawadarsa yake cikin abubuwan da mai tarawa ke dubawa kafin ya biya kuɗi.

2. Matsalar kundi

Kundin Yvert et Tellier, wanda masu tarawa a ƙasashe masu amfani da faransanci suke dogara da shi, yana bambanta launuka da kalmomi irin su rouge, carmin da vermillon. A ganinmu, rauninsa shi ne mai karatu yana ɗaukar kalma tamkar ma'auni, alhali abubuwa uku suna shiga tsakani. Na farko, tawadar ba a kan farar takarda take ba: ja a kan shuɗi yakan yi duhu. Na biyu, carmin yakan koɗe a rana, vermillon kuwa yakan dushe ya yi duhu idan ya tsufa. Na uku, hasken fitila yana ƙara wa ja ɗumin da babu shi a hasken rana. Ke nan tambura biyu daga bugu ɗaya suna iya samun suna biyu.

3. Ta fuskar hausa

Akan ce hausa ta gaza a nan, tun da duk ukun "ja" ne. Ba mu yarda ba. Mu dubi misalan nan:

(1) ja wur, ja zur
(2) ja-ja
(3) baƙi ƙirin, baƙi-baƙi

Amsa-kama a (1) tana nuna tsananin launi, ninki a (2) yana nuna rauninsa. Watau hausa tana auna ƙarfin launi, faransancin kundin kuwa yana raɗa suna daga abin da aka yi rinin da shi. Saboda haka fassara carmin da "ja wur" kuskure ne, domin carmin koɗaɗɗe yana nan carmin amma ba ja wur ba ne. Hasali ma, ƙarfin launi shi ne abin da shekaru suke canzawa.

4. Kammalawa

Dukawan Birni, masu rina fata da karan dafi, ba su sasanta ciniki da sunan launi: akan jera fata kusa da fata a fili. Wannan ita ce hanyar da muke ba da shawara: a ajiye tamburin da ake shakka kusa da wanda aka tabbatar, mai launin ƙasa iri ɗaya, a inuwa da hantsi, a duba da madubin ƙara girma. Duk mai son fassara kundin zuwa hausa, gara ya bar kalmar faransanci yadda take, ya ƙara mata bayanin ƙarfin launi.