Raƙuman dawa na Dabus

A kan dutsen Dabus, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa biyu tun shekaru dubbai. Babban ya haura mita 5. Duk wanda ya lura da yadda aka fitar da rodi-rodin fatarsu ɗaya bayan ɗaya zai gane cewa masassaƙin ya daɗe yana kallon dabbar da ranta. A 1999 aka ɗauki zubin sassaƙar, daga baya aka kafa kwafin a filin jirgin Agadas. Kwafin ya yi kyau, sai dai Abzin ta bushe, ba ta da raƙumin dawa ko ɗaya. Na Kure ma a 1996 saura kimanin 50 suka rage kafin su farfaɗo. Mai son auna idon masassaƙin sai ya nufi Gadabeji, inda aka kai takwas a 2018, ya ga yadda suke miƙa wuya.