Gwanin da Ke Raba wa Kwamfutoci Aiki

Duk mai kallon Labarina ko Izzar So a waya, a Ikara yake ko a Hunkuyi, ya san yadda hoto ke dusashewa idan sabis ya yi rauni, amma shirin ya ci gaba da tafiya. Dalili kuwa, tun kafin fim ya iso hannunsa an riga an fitar da shi nauyi-nauyi: mai kauri na 1080, matsakaici na 480, da sassauƙa na 144. Rukunin kwamfutoci ne da aka haɗa da waya ke wannan aiki tare, kuma akwai mutum tsaye a kansu.

Bidiyo jerin hotuna ne, kimanin 25 a kowace daƙiƙa, wato 90,000 a awa guda. A bar wa kwamfuta ɗaya, sai ta kwana tana nishi. Don haka ake yin irin gayyar gonar rake a Maƙarfi: a raba kunyoyi, kowa ya kama tasa, rana ba ta faɗi ba an gama.

Da farko mai kula zai ware kwamfuta ɗaya ta zama shugaba. Ita ke yanka fim gunduwa-gunduwa, ta jera su a layi. Yankan ma da ƙa'idarsa. Yawancin hotunan bidiyo ba cikakku ba ne, abin da ya sauya daga na baya kawai suke ɗauke da shi, saboda haka dole wuƙa ta faɗa daidai kan cikakken hoto. In an kuskure, gaɓar za ta fito a dagule. Daga nan kowace kwamfuta ta ɗauki rabonta, ta matse shi da manhaja irin FFmpeg, ta mayar ma'aji. A ƙarshe a ɗinke, a duba ko murya ta zo daidai da motsin baki.

Wurin sa ido gwaninta take. An tsara kowace na'ura ta riƙa aiko da sigina cewa tana raye. Da ta yi shiru, sai a miƙa gunduwarta ga wata. Mai kula yana karanta rajistar da na'urorin ke rubutawa, yana lura da zafinsu, yana daidaita agogonsu, yana gwada batirin ko-ta-kwana tun wuta ba ta ɗauke ba. Sabuwar manhaja kuwa, a na'ura ɗaya yake fara sa ta, ya ga halinta, kafin ya bai wa sauran.

Da irin wannan tsari kamfanin Pixar na Amurka ya fitar da Toy Story a 1995, inda kwamfutoci 117 suka raba hotuna 114,240 a tsakaninsu. Shekara guda kafin nan, masana a hukumar NASA sun haɗa kwamfutoci 16 na gama-gari suka yi aikin babbar na'ura.

Ke nan ba sai da dukiya ake farawa ba. Tsofaffin kwamfutoci biyu da wayar haɗi sun isa, manhajojin Linux da FFmpeg kuma kyauta ne. Matashin da ke wuni a majalisa yana latsa waya, da irin data ɗin da yake ƙonawa wani ke koyon sana'ar. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kusa da mu. Matasan Ikara, Maƙarfi da Kudan, a tashi a koya.