Yadda Gwani Ke Tayar da Katin Hoto a Adjamé

A kasuwar Black Market ta Adjamé, cikin Abijan, akan kawo wa masu gyara kwamfutar da aka sa wa Linux, mai katin hoto na NVIDIA, allonta ya yi baƙi ko hoto na jan ƙafa. Rago zai ce katin ya ƙone, a sayo wani. Gwani kuwa kujera yake ja.

Da farko yakan rubuta lspci, kwamfutar ta faɗi sunan katin. Sai dmesg, wato bayanin duk abin da ya faru tun da aka kunna ta. Yana bin layukan da yatsa har ya kai inda Nouveau ta ce ta nemi fayil ba ta samu ba. Nouveau ita ce direba, manhajar da ke sarrafa katin, kuma buɗaɗɗiya ce, kowa na iya duba cikinta.

A nan ilimin yake. Katunan NVIDIA tun daga zubin Turing na 2018 suna ɗauke da wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai suna GSP. Ita ke tayar da katin, ta daidaita gudunsa da wutar da yake ci. Amma takan farka ne ba ta san komai ba, sai an ɗora mata manhajar ciki duk lokacin da aka kunna. Katin kuma ba ya karɓar kowace sai mai sa hannun kamfanin, kamar mai gadin da ba ya buɗe ƙofa sai ya ga hatimi. Linux 6.7, na Janairun 2024, shi ya fara ba Nouveau damar ɗora wa GSP wannan manhaja.

Saboda haka gwanin yakan leƙa /lib/firmware/nvidia, inda ake ajiye fayil ɗin manhajar, ya tabbatar lambar fayil ta dace da wadda direba ke nema, domin direbar da ke neman lamba 535.113.01 ba ta karɓar 'yar'uwarta a madadi. Matakin da ya fi burge ni shi ne na gaba: yakan sake gina initramfs, ƙunshin da ake buɗewa tun kafin a kai ga babban faifai. In fayil ɗin ba ya ciki, direba za ta laluba ta rasa, alhali yana nan cikin kwamfutar.

Sannan ya sake kunnawa, ya kuma karanta dmesg daga sama. Ba ya miƙa wa mai kaya sai ya saka bidiyo mai nauyi, ya kai hannu bakin fanka ya ji zafin iskar da ke fita.