Inuwar Gawo da Ranar Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Arewa ya san inuwa agogo ce. Da ita manomi ke gane hantsi ya yi, da ita liman ke auna shigar azahar da la'asar, domin a fiƙihun Malikiyya lokacin la'asar na farawa ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da ɗan abin da ya rage mata a tsakar rana. Idon da aka horar haka ba ya da sauƙin ruɗuwa. Shi ya sa idan na zauna da yara muna kallon zane-zanen kwamfuta masu motsi da ake yi da Hausa, waɗanda ke yawo cikin wayoyin hannu daga Dogondutsi har Tibiri, nakan ji wani abu ya yi mini cikas tun kafin a fara magana. Rigar ta Hausa ce, hular ma haka, ga rumbu ga turmi. Amma ranar da ke haska su ranar wata ƙasa ce.

A duniyar da kwamfuta ke ginawa babu inuwar da ke zuwa da kanta. Sai an lissafa ta. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Lance Williams ya bayyana a Amurka a 1978: na'urar takan fara tsayawa a gurbin fitila ko rana, ta dubi fili, ta rubuta nisan abu na farko da ta ci karo da shi ta kowace fuska, duk abin da ke bayan wannan nisa, to yana cikin duhu. Shekara guda kafin nan Franklin Crow ya kawo wata dabarar, a 1980 kuma Turner Whitted ya nuna yadda ake bin sawun haske tsirkiya bayan tsirkiya, aikin da ya fi kyau amma ya fi cin lokaci. A manhajojin da ake aiki da su yau, irin su Blender da aka sakar wa jama'a kyauta a 2002, mai zane na da ikon cewa wannan abu ya yi inuwa, wancan kada ya yi. Yana iya kashe inuwar mutum ya bar ta bangon da ke kusa da shi. Sau da yawa talauci ne ke yanke hukuncin: inuwa na cin ƙarfin na'ura, kwamfutar kuma tsohuwa ce, lantarki ba tabbas, sai a kashe ta don aikin ya ƙare kafin wuta ta ɗauke. Wannan uzuri ne da nake karɓa. Sakamakonsa dai a bayyane yake: mutane na tafiya kamar ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa.

Abin da ban karɓa ba shi ne inuwar da aka kunna ba tare da an dubi waje ba. Dogondutsi na wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, rana na tsayawa daidai bisa kai, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, abin da ba ya taɓa faruwa a Faransa. Ko a tsakiyar ɗari, cikin Disamba, ranar tsaka ba ta sauka ƙasa da wajen digiri 53. Saboda haka doguwar inuwa mai laushi da ke kwance gefe guda, wadda ake gani a yawancin waɗannan zane-zane ko da labarin ya ce rana ta take, inuwar Turai ce aka aro aka ɗora wa Bahaushe. Mai zanen ya bar fitilar a inda ya same ta, ko a inda malamin da ya koya daga gare shi ta intanet ya ajiye ta.

Haka kuma ba a bambanta yanayi. Ranar bazara inuwarta baƙa ce ƙirin, bakinta kaifi kamar an yanka da aska. Idan hazo ya sauka sai ta dushe, wani lokaci ta ɓace baki ɗaya. Ga kuma gawo, wanda ya cika gonakin Dallol Mawri. Kowane yaro a nan ya san gawo ba ya bin tsarin sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin sa. Shi ya sa gero ke girma a gindinsa, shi ya sa dabbobi ke fakewa da shi cikin zafi. Wanda ya zana gawo mai duhun inuwa a tsakiyar gonar da ta yi kore shar ya yi ƙarya biyu a hoto guda. Giginya ma tana da nata hali, tun da Hausawa suka ce inuwar giginya na nesa ka sha ta. Mai zanen da ya fahimci karin maganar ya riga ya san inda zai sa fitilarsa.

Abin takaici shi ne Nijar na da malami a wannan fanni, amma ba a komawa ga aikinsa. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a Wagadugu a 2015, da inuwa ya fara sinima: tun yana saurayi yakan yanka siffofi ya haska su da fitila jama'a su kalla. Daga baya ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, ya tafi Kanada inda ya haɗu da Norman McLaren. A cikin Bon voyage Sim na 1966, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke ziyarar aiki, layukan alƙalami ne kawai, kuma ba wanda ya ji an rage masa wani abu, domin zanen bai yi alkawarin kama da duniya ba. Da ya koma ga ƴan tsana a Samba le Grand na 1977, da kuma Kokoa inda dabbobi ke kokawa a fage, haske na gaske ne ke sauka kansu, inuwarsu na manne da su, nauyin ɗan kokawa na bayyana a ƙasa. Darasin da nake ɗauka daga gare shi shi ne ya san lokacin da zai bar inuwa da lokacin da ba zai iya rabuwa da ita ba. Zanen kwamfuta mai kauri da zurfi ya ɗauki alkawarin da Sim bai ɗauka ba, dole ya cika shi.

Wani zai ce ina ruwan yaro da kusurwar rana, shi dai labari yake so. Ban yarda ba. A Arewa inuwa ta wuce batun haske. Muna cewa wane na cikin inuwar wane idan yana ƙarƙashin kariyarsa. Fadanci, sulhu da karatun allo duk a inuwa ake yin su. Inda inuwa ta faɗi a tsakar gida shi ke nuna inda mata za su yi sussuka da inda tsoho zai shimfiɗa tabarma. Idan aka kuskure ta, sai a zaunar da mutane a wuraren da ba mai hankalin da zai zauna.

Ranar da wata ƙungiya za ta yi niyyar sake gina Lugu a kwamfuta don ƴan makaranta, wannan magana za ta taso da ƙarfi. Yaƙin da Sarauniya Mangu ta yi da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899 aka yi shi, wato cikin tsananin bazara, rana na gab da tsayawa bisa kai. Med Hondo, da ya mayar da littafin Abdullahi Mamani fim a 1986, a Burkina Faso ya ɗauka, amma ko ba komai ranar Sahel ce ta haska masa. Mai kwamfuta ba ya da wannan gata, shi zai ɗora ranar da hannunsa. Blender na da wani ƙarin kayan aiki da ke karɓar matsayin gari da kwanan wata da sa'a ya ajiye rana a inda ta dace. Malamin makaranta kuwa ko wannan ba ya buƙata: sanda guda a kafe a filin makaranta, a riƙa auna inuwarta kowace Alhamis da tsakar rana daga Oktoba zuwa Yuni, ta isa ta ba ɗalibai ma'aunin da za su gwada kowane zane da shi.