Baiwar Ruhu da Ma'aunin Bori

Akwai wata fahimta da ta yi saiwa a ikilisiyoyinmu na ƙauyukan Gwarzo da Kabo, wadda ya kamata mu auna ta da Littafi Mai Tsarki. In aka ce wane yana da baiwar Ruhu, abin da jama'a ke nufi shi ne yana warkarwa, ko yana ganin wahayi, ko yana magana da harsuna. Sauran masu bi kuwa sun zama 'yan kallo.

Ba wuya a gane tushen wannan. Masu bi da yawa a yankin daga gidajen Maguzawa suka fito, inda aka san bori. A bori iska ke hawan mutum, a kira shi doki, mace kuma godiya. Hankalinsa ya gushe, iska ta yi magana ta bakinsa, mai neman magani ya biya abin da aka yanka masa. Mutum na iya barin bori da zuciya ɗaya, amma ya shigo sujada da ma'auninsa a hannu.

Koyarwar manzanni ta saɓa wa wannan ma'auni ta fuska uku. Na farko, a 1 Korintiyawa 12 Bulus ya nuna cewa kowane mai bi yana da rabonsa, domin amfanin jiki duka. A Romawa 12:6-8 ya jera hidima, koyarwa, ƙarfafawa, bayarwa, shugabanci da jinƙai tare da annabci. Na biyu, Ruhu Mai Tsarki ba ya ƙwace hankalin mutum. A sura 14 Bulus ya ƙayyade masu harsuna zuwa biyu ko uku, bi da bi, in kuma babu mai fassara su yi shiru. Wanda za a iya ce wa ya jira, to, yana cikin hayyacinsa. Na uku, baiwa kyauta ce. Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a Helenanci daga tushen kalmar alheri ta fito, kuma mun san yadda Bitrus ya tsauta wa Siman na Samariya da ya zo da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8).

Tarihinmu ma shaida ne. Asibitin ido da SIM ta buɗe a Kano a 1943, da jinyar kutare a Yadakunya, aikin jinƙai ne na yau da gobe, ta wurinsa kuwa mutane da yawa suka fara jin bishara.

Kada mu gyara kuskure da wani kuskure. Bulus bai hana harsuna ko annabci ba, cewa ya yi a gwada, a kuma kiyaye tsari. Fasto da ya toshe bakin kowa don tsoron rikici, ya haɗa wa'azi da lissafin baiko da ziyara duk a kansa, shi ma ya mai da kansa doki ɗaya tilo. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ikilisiyar sai ta zama marainiya.

Saboda haka bari kowane fasto ya zauna da dattawansa, su bi sunayen membobi ɗaya ɗaya. Wace ce a Zumuntar Mata ke kwana wurin marar lafiya? Wane ne ke sulhunta rikicin iyakar gona? Wane matashi ne yara ke fahimtar karatunsa a makarantar Lahadi? A ambaci waɗannan da sunan baiwa a gaban jama'a, a yi musu addu'a, a danƙa musu aiki.