Amshin Tajud Dini: Tarke a kan Rayuwa da Rubuce-rubucen Shehu Al-Magili

Gabatarwa

Sunan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Al-Magili ba baƙo ba ne ga ɗalibin da ya karanta tarihin rubutu a ƙasar Hausa. Sai dai akasari ambatonsa ake yi a wuce, a ce ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya rubuta wa sarki littafi, shi ke nan. Ba kasafai ake tsayawa a dubi littafin a matsayinsa na adabi ba, balle a auna shi da rayuwar mai shi. Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin yin haka, domin nuna cewa ƙarfin alƙalamin Al-Magili yana bayyana ne inda ya fuskanci mai mulki, rauninsa kuwa inda ya fuskanci marar ƙarfi.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Al-Magili a Tilimsan, cikin Aljeriya ta yau, wajajen shekarar 1440. Ya yi karatu wurin Shehu Abdurrahman As-Sa'alibi da Yahaya ɗan Yadir, sannan ya zauna a Tuwat, wani zango mai dausayi a kan hanyar fataken Sahara. Daga nan ya yo kudu ta Asbin da Takedda, ya shigo Katsina da Kano a zamanin Rumfa (1463–1499), sa'an nan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulkin Songhai a 1493. Ya koma Tuwat, inda ya rasu a shekarar 909 ta Hijira (1503/1504). A Kano, Sharifai suna danganta asalinsu da ɗansa Sidi Fari. Duk inda ya sauka, aikinsa ɗaya ne, wato tsayawa tsakanin fada da shari'a, yana karɓar tambayoyin sarakuna yana mayar musu da amsa a rubuce.

Zubi da Salon Tajud Dini

Littafin da ya rubuta wa Sarkin Kano shi ne Tajud Dini fi ma Yajibu alal Muluki, wanda T. H. Baldwin ya fassara zuwa Ingilishi a 1932. Ɗan ƙaramin littafi ne mai babi takwas. Ya fara da kyautata niyya, sai kyautata kamala da shiga, sai tsara mulki da naɗa ma'aikata, sai taka-tsantsan a gida da tafiya, sai binciken al'amura, sai adalci a hukunci, sai tara dukiya ta halal, ya rufe da yadda za a kashe ta. Mai lura zai ga jerin ba a kan kuskure ya zo ba. Ya tashi daga zuciyar sarki, ya bi ta jikinsa da fadarsa, har ya dire a baitulmali, inda ake gane ko niyyar farko ta gaskiya ce.

Abin da ya fi jan hankalin manazarcin adabi shi ne yadda aka rufe babukan. Gargaɗi ɗaya marubucin yake ta maimaitawa, a kan haɗarin da ke cikin sarki ya shige turaka ya yi wa talakawansa shamaki. Wannan maimaici, a ma'aunin adabinmu, amshi ne. Kamar yadda makaɗin fada yake kewayawa cikin ɗiyan waƙa amma 'yan amshi su komo da shi kan gindi, haka Al-Magili yake zagawa ta harkar yaƙi da haraji da alƙalanci, ya komo kan magana ɗaya. Bambancin shi ne, gindin waƙar makaɗi yabon sarki ne, na Al-Magili kuwa jan kunne ne. Ya haɗa da gajerun jimloli masu amsa-amo da baitocin waƙa jefi-jefi, abin da ke nuna an tsara littafin domin a karanta a bainar fada a kuma hardace. Sarkin da ya manta da bayanin babi na uku ba zai manta da abin da aka nanata masa a ƙarshen kowane babi ba.

Tasirin wannan salo ya daɗe. Bayan shekara ɗari uku, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta kafa hujja da amsoshin da Al-Magili ya ba Askiya, musamman cikin Sirajul Ikhwani, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya ɗebo daga nasihohinsa cikin Liya'ul Hukkami da ya rubuta wa Kanawa.

Al-Magili Mawaƙi

Fasaharsa ta waƙa ta fi fitowa a muhawararsa da Jalaluddini As-Suyuɗi na Masar (ya rasu 1505). Suyuɗi ya haramta shagaltuwa da ilmin manɗiƙi, saboda asalinsa daga Yunanawa. Al-Magili, wanda ya yi waƙe a kan wannan fanni, ya aika masa da baitoci na raddi, shi ma ya amsa da baitoci. Hujjar Al-Magili ita ce, ana auna magana da gaskiyarta ne, ko da wanda ya zo da ita ba musulmi ba ne. Wannan buɗaɗɗen tunani ne, kuma an yi saɓanin cikin ladabi irin na malamai.

Inda Gizo ke Saƙar

Amma mutumin da ya yi wannan waƙa shi ne ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamanɗiɗ a Tuwat, wajajen 1492, aka kashe wasu, sauran suka watse. Ya yi rubutu yana cewa sun warware alkawarin amana da ke ba su kariya. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al-Asnuni, bai yarda da shi ba. Aka aika wa malaman Fas da Tunis da Tilimsan, suka rabu biyu: As-Sanusi da At-Tanasi suka goyi bayan Al-Magili, wasu suka saɓa masa. Al-Wansharisi ya tattara waɗannan fatawoyi cikin Al-Mi'iyar.

Akwai kuma abin da Ahmad Baba na Tumbuktu ya ruwaito cikin Nailul Ibtihaji. Yana Gao labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Sai ya nemi Askiya ya kame mutanen Tuwat da ke garin, aka kuwa kame su. Malam Mahmudu ɗan Umar na Tumbuktu ya ce ba su yi laifin kome ba, sai aka sake su. A nan, marubucin babin adalci ya nemi a kama wani da laifin wani, sai da wani malami ya tuna masa da abin da shi kansa ya koyar. Baƙin cikin uba abin tausayi ne, amma ba ya zama hujjar shari'a.

Kammalawa

Ga mai karatu a Jos, wannan ba tsohon zance ba ne. Garin ya ga rikicin 1994 da na 2001 da na 2008 da na 2010, inda sau da yawa aka auka wa mutum saboda sunansa ko unguwarsa, mahukunta kuwa ba su ji kukan jama'a ba sai da wuta ta kama. Ɓangarorin Al-Magili biyu duk suna magana da mu. Idan muka ɗauki Tajud Dini muka ɓoye labarin Tuwat, mun yi wa tarihi ƙwange. Idan kuma muka yi watsi da littafin saboda Tuwat, mun yi asarar ɗaya daga cikin nasihohi mafi ƙarfi da aka taɓa rubuta wa sarkin Hausa. Abin da ya kamaci ɗalibi shi ne ya karanta shi tare da Al-Asnuni da Malam Mahmudu, domin su ma magabatanmu ne a ilmi, kuma ya yi amfani da ma'aunin da Al-Magili ya ba Suyuɗi: a duba maganar, a karɓi ta gaskiya, a bar wadda ta kauce, ko daga bakin wa ta fito.