Harafi da Tawada a Zanen Ibrahim El-Salahi

Akwai wani nau'in zane da ake yi da baƙar tawada bisa farar takarda, wanda ba ya kwaikwayon siffar abu yadda ido ya saba ganinta. Galibin masu kallo sukan ɗauke shi wasan yara, ko kuwa wata bidi'a da aka kwaso daga makarantun Turai. Ayyukan Ibrahim El-Salahi, mutumin Sudan, sun isa su sa a sake duba wannan hukunci.

An haifi El-Salahi a Omdurman cikin 1930, mahaifinsa kuwa malami ne mai makarantar allo. Ya koyi zane a Hartum, sannan a makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957. Da ya komo gida sai ya tarar irin zanen da ya koyo bai dami mutanensa ba. Wannan ne ya mai da shi ga allo da alƙalami. Sai dai bai koma ga harafi don ya rubuta kalma ba. Abin da ya yi shi ne ya kwance haruffa daga ma'anarsu, ya bar ƙirarsu tsura, watau tsayuwar alif, da lanƙwasar nun, da filin da ke tsakanin baƙi da baƙi. Daga cikin wannan fili ne fuskoki da tsuntsaye da jinjirin wata suke leƙowa, rabinsu rubutu, rabinsu halitta. Duk wanda ya taɓa ganin zayyanar allon sauka ya san cewa ba yau alƙalami ya fara ƙawata fili ba tare da ya faɗi kalma ba. Tun farkon shekarun 1960 aka nuna zanensa a ƙungiyar Mbari ta Ibadan.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne bayan 1975. A shekarar nan gwamnatin Numeiri ta tsare shi a kurkukun Kober wata shida da 'yan kwanaki, ba shari'a, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. Zane haramun ne a wurin, saboda haka yakan yi shi a guntayen takardar buhun siminti, ya binne cikin rairayi in ya ji motsin gandiroba. Daga nan ya samo dabarar fara aiki da ƙwaya ɗaya, ya riƙa haɗa mata takardu tana yaɗo kamar kabewa. Ita ce ta haifi The Inevitable (1984 zuwa 1985), wato abin da ba makawa, zanen tawada mai falle tara. A cikinsa dantse da dunƙulen hannu da bakin bindiga sun sarƙe har ba a sanin inda wani ya ƙare wani ya soma. Babu launi ko ɗaya, kuma rashinsa bai rage komai ba, domin tawada ba ta gogewa: layin da ya sauka ya sauka ke nan, kamar yadda hukunci yake sauka a kan ɗaurarre.

Ba dukkan ayyukan ne suka kai wannan matsayi ba. Wajen shekarar 2000 ya shiga jerin zane a kan bishiyar haraz, wadda Hausawa ke kira gawo, mai kakkaɓe ganye da damina, ta yi kore da rani. Ya mai da ita tsayayyen layi guda, wasu layuka sun gitta shi a jere, wani lokaci har da tawada mai launi. Tsarin yana da natsuwa, amma a wasu takardun awo ya rinjayi hannu, har bishiyar ta koma kamar aikin saƙa. Wanda ba a gaya masa sunanta ba, da wuya ya hango taurin kan gawo a ciki. Cikin 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje ayyukansa tun daga na ƙuruciya, har da waɗannan bishiyoyi da falle taran nan.